Tarurrukan duniya ne suka rage talauci, ko ladan aikin wasu ake karɓa?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina so masana su warware mini. A watan Satumba na 2000 ƙasashe 189 suka amince da sanarwar da ta haifi Muradun Ƙarni guda 8, na farkonsu shi ne a rage yawan masu fama da matsanancin talauci da rabi kafin 2015. Aka ce an cim ma wannan buri tun 2010, aka yi ta tafi. Alƙaluman Bankin Duniya ma sun nuna haka: a 1990 kusan mutum biliyan 1.9 ne ke cikin wannan hali, wato kashi 36 cikin ɗari na mutanen duniya, zuwa 2015 sun koma miliyan 700 da ɗoriya, kashi 10 cikin ɗari. Daga nan aka sake zama, aka fito da muradu 17, aka ce zuwa 2030 za a kawar da shi ɗungurungum.

To amma Bankin Duniyar da kansa ya ce ƙasar Sin ita kaɗai ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga wannan ƙangi cikin shekara 40. Kuma Sin ba da Muradun Ƙarni ta faro ba, tun 1978 ta ɗauko hanyarta, lokacin da gwamnatin Deng Xiaoping ta fara sakar wa manoma mara su noma su sayar da rarar amfaninsu. In ka cire Sin daga lissafin, me ya rage wa masu taron? Ni dai gani nake wani ya yi noma, wani ya zo ɗaukar hoto da damin.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Ka gama magana ai. Taro ne kawai, a sauka a manyan otal, a karanta takarda, a watse. Mu rufe zancen.

Dokta Rabi: Haba Nura, ba a fara ba ka ce a rufe? Malam Habu, rabin maganarka gaskiya ce, kuma duk wanda ya karanci fannin nan ya san da ita. Ka ƙara da Indiya da Indunusiya da Biyetnam, sai ka ga mafi yawan raguwar daga Asiya ta fito, kuma bunƙasar tattalin arziƙinsu ce ta kawo ta. A Afirka kudu da Sahara kason ya ragu, amma yawan mutanen ya ƙaru saboda ƙaruwar jama'a. Yanzu kusan kashi biyu cikin uku na matalautan duniya a yankin suke.

Amma kafin mu yi nisa, mu san abin da ake aunawa. Layin talaucin nan ba a wuri ɗaya yake tsaye ba. A 1990 dala 1 ce a rana, a 2008 ya koma dala 1.25, a 2015 dala 1.90, a 2022 dala 2.15, sannan a watan Yuni na 2025 aka mai da shi dala 3. Kuma ba dalar da ake canzawa a kasuwa ake nufi ba, abin da dalar za ta iya saya ake kwatantawa tsakanin ƙasa da ƙasa. Da aka ɗaga layin na baya-bayan nan, adadin ya tashi daga kusan miliyan 700 ya haura miliyan 800 a takarda, alhali ba wanda ya wayi gari da sabon talauci a ranar. Shi ya sa nake taka-tsantsan da masu tafi da masu zagi duka.

Nura: Dokta, wato ma'aunin ma na roba ne, a ja shi inda ake so.

Dokta Rabi: A'a, ba son rai ba ne. Farashin kaya na sauyawa, ƙasashe matalauta kuma na gyara nasu layin, dole na duniya ya bi. Aibinsa a wani wuri yake: wanda ke samun dala 3 da 'yan kwabbai an ce ya fita, alhali ciwo ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya mai da shi. Mun gani a 2020, korona ta jefa kusan mutum miliyan 70 cikin matsanancin talauci a shekara guda.

Hajiya Hauwa: Ku yi haƙuri in shigo, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba ni da ilimin tattalin arziƙi. Amma in an ce ba a yi komai ba raina yana ɓaci. A 1990 yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da miliyan 12 ne suka mutu a duniya. A 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5, duk da cewa mutanen duniya sun ƙaru sosai. Wannan kuma ba a Sin kaɗai ya faru ba, har a ƙasashen da tattalin arziƙinsu bai taɓuka abin kirki ba. Allurar riga-kafi ce, gidan sauro ne, ruwan gishiri da sukari ne, maganin ƙanjamau ne. An kafa Gavi a 2000 don riga-kafi, an kafa asusun yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Amurka ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR, a 2003 zamanin Bush, wanda ake ƙiyasin ya ceci rai miliyan 25. Na yi aiki a ɗakin masu ƙanjamau kafin maganin ya wadata, na kuma yi bayan ya wadata. Da, kwantar da mutum muke yi muna jiran ranarsa. Daga baya mutum zai zo da ƙafarsa ya karɓi maganin wata uku ya koma bakin sana'arsa. Nura, ɗana, wannan ba hoto ba ne.

Nura: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban raina aikinku ba. Amma wanda aka ceta ya rayu, ai cikin talaucin ya rayu.

Hajiya Hauwa: Sai da rai ake fita daga talauci. Kuma gidan da maigida ya kwanta shekara biyu, an sayar da gona da dabbobi wajen jinya, an cire yara daga makaranta, kana ganin ciwon bai talauta su ba?

Malam Habu: Hajiya, na karɓi wannan. Agana ma ai haɗin gwiwar duniya ne ya kawar da ita a 1980. Amma ki lura, duk misalanki abubuwa ne da ake iya ƙirgawa a loda a mota: allura, ƙwaya, gidan sauro. Tambayata ita ce, wace ƙasa ce agaji ya ɗauke ta daga talauci ya kai ta ga wadata?

Baba Ilu: Yara, ku bar ni in sa baki, don mun ga jiya. Kuna maganar abin da aka bayar, ba ku maganar abin da aka karɓa. A shekarun 1970 bankunan Turai da Amurka sun cika da kuɗin mai, suna bin ƙasashe suna cusa musu bashi. Da Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa, farashin kayan da matalautan ƙasashe ke sayarwa kuma ya faɗi, sai Meziko ta ce a 1982 ba za ta iya biya ba, sauran suka biyo layi. Maganin da asusun ba da lamuni na duniya, IMF, da Bankin Duniya suka kawo shi ne gyaran tattalin arziƙin nan na tsuke bakin aljihu: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati, a rage ma'aikata, a sa kuɗi a asibiti da makarantar firamare. Daga Latin Amurka har Afirka magani ɗaya aka rubuta wa kowa, kamar duk ciwo ɗaya ne. Abin ya kai UNICEF da kanta ta fito a 1987 tana kiran a sa tausayi cikin gyaran, don yara ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Mutanen Latin Amurka har yau suna kiran shekarun 1980 shekaru goman da suka salwanta.

Sai da aka sha matsin lamba, coci-coci da ƙungiyoyi suka tara sa hannun miliyoyin mutane gabanin shekara ta 2000, kafin a ɗauki yafe bashi da gaske. An soma shirin a 1996, aka faɗaɗa shi a taron ƙasashe 8 masu ƙarfi na Gleneagles a 2005. Ƙasashe sama da 30 aka yafe wa fiye da dala biliyan 100. Kuma ya yi amfani, ba na musu: Tanzaniya ta soke kuɗin makarantar firamare a daidai wannan lokaci, yara suka cika azuzuwa. Amma wanda ya ɗaure ka shekara 20 sannan ya kwance, godiya nawa zai sha?

Injiniya Kabiru: Baba, ranka ya daɗe, da girmanka zan ɗan saɓa maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya sa hannu a takardun bashin? Mobutu, shugaban Zayar, wato Kwango ta yanzu, ya ci bashi da sunan ƙasar, kowa ya san inda kuɗin suka tafi. Kuma bayan an yafe, me ya faru? Ba a yi shekara 20 ba aka koma gidan jiya. Zambiya ta kasa biya a 2020, Gana a 2022, Habasha a 2023, dukkansu kuwa suna cikin waɗanda aka yafe wa. Wannan karon ma ba IMF ce ta tura su ba, da ƙafarsu suka je kasuwar lamuni da wajen Sin.

Ga Koriya ta Kudu. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 tana cikin matalautan duniya, da agajin Amurka take numfashi. Ta raba filaye ga manoma, ta zuba kuɗi a makaranta, ta tilasta wa kamfanoninta su fitar da kaya waje ko a yanke musu bashi. A 2010 ta zauna a kujerar masu bayar da agaji. Ga Botsuwana, ta samu 'yanci a 1966 ba ta da komai, aka gano lu'ulu'u, ta yi yarjejeniyar raba daidai da kamfanin lu'ulu'u na De Beers, ba ta wawure ba. Duniyar da ta zalunci wasu ita ce dai waɗannan suka rayu a cikinta.

Baba Ilu: Injiniya, wanda ya ba Mobutu bashi bai san ko wane ne Mobutu ba? Sun sani sarai, yaƙin cacar baka ne ya sa suka kau da kai. Ɓarawo ya ci, mai ba da bashi ya samu riba, talakan da bai ga ko sisi ba shi aka bar wa biya.

Injiniya Kabiru: Wannan kam haka ne Baba.

Dokta Rabi: Injiniya, misalin Koriya da ka kawo ya fi ƙarfafa maganar Baba fiye da taka, in ka duba da kyau. Abubuwan da Koriya ta yi, kare masana'antunta da harajin fito, ba su bashi mai sauƙi, kwaikwayon fasahar wasu, yawancinsu su ne aka hana ƙasashen da suka zo daga baya, ko dai ta sharuɗɗan bashi ko ta dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995.

Nan ne kuma nake so in koma kan tambayar Malam Habu, don ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ce Sin da kanta ta yi. To wa ya sayi kayan? Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki a watan Disamba na 2001, daga nan kayanta suka malale kasuwannin duniya, miliyoyin mutane suka bar ƙauye suka shiga masana'anta. Biyetnam ta fara nata gyaran a 1986, amma sai da Amurka ta ɗage mata takunkumin ciniki a 1994, ta kuma shiga ƙungiyar a 2007. Bangaladash da ɗinkin tufafi ta tashi, Tarayyar Turai kuma ta buɗe wa ƙasashe mafiya talauci kasuwarta ba haraji tun 2001. Ashe akwai hannun manufofin duniya a ciki, sai dai ba waɗanda ake yi wa biki ba. Buɗe ƙofar kasuwa ya fitar da mutane fiye da duk wata sanarwar taro. Inda aka rufe ƙofar kuma, an ga sakamakon.

Nura: Kamar auduga ke nan. Na karanta wannan. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki na Kankun a 2003, cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, su 'yan dubbai, yana karya farashi a kan miliyoyin manoma. Ba abin da aka yi musu. Barazil ce mai ƙarfi ta kai ƙara gaban ƙungiyar ta yi nasara, ƙarshe a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka kashe maganar. Wato mai lauya ya karɓi diyya, marasa lauya suka koma gona. Zagayen tattaunawar ciniki na Doha da aka buɗe a 2001 da sunan ci gaban matalauta kuwa har yau ba a rufe shi ba, ya mutu a tsaye.

Dokta Rabi: Ka ga yanzu ka yi magana, ba "mu rufe zancen" ba. Sai dai kar a ɗauka hanyar masana'anta shimfiɗa ce. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a 2013 ya kashe maɗinka sama da 1,100.

Jamila: Ina bin ku tun ɗazu. Na yi shekara shida ina aiki da wata ƙungiyar agaji, ba zan kama suna ba. Abin da ya kore ni shi ne wani shirin koya wa mata sana'a. Kuɗin da muka kashe a taron bita, da masana da aka ɗauko daga waje, da motoci, da buga rahoto mai sheƙi, da an raba wa matan a hannu da kowacce ta samu jarin da ya ninka abin da muka ba ta sau da yawa. Da na faɗi haka a ofis sai aka ce ai za su cinye. To bincike bai nuna haka ba. Meziko ta fara Progresa a 1997, ana ba uwa kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Barazil ta yi irinsa, Bolsa Família, a 2003, ya kai ga gidaje sama da miliyan 10, kuma abin da yake ci bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arziƙin ƙasar ba a shekarunsa na farko. A 2014 aka cire Barazil daga taswirar yunwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ta gwada bayarwa ba sharaɗi a Kenya ta wayar salula, mutane suka yi rufin kwano, suka sayi dabbobi, ba a ga shaye-shaye ya ƙaru ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Kabiru: Malama Jamila, ba haka aka zuzuta ƙananan basussuka ba? Har Muhammad Yunus da bankin Grameen suka karɓi kyautar Nobel a 2006.

Jamila: An zuzuta, kuma da aka auna a ƙasashe shida, sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna amfanin kaɗan ne, bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Ai kyawun awo ke nan. Bambancin shi ne wancan bashi ne, wannan kyauta. Amma ban ce raba kuɗi zai gina tashar lantarki ba.

Malam Habu: To ga wata. Tun 1970 ƙasashe masu arziƙi suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su riƙa bayar da kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu. Sama da shekara 50 ke nan. In ban da irin su Norwe da Suwidin da Denmak da Lukzambag, yawancinsu ba su taɓa kaiwa ba. A 2023, shekarar da agajin ya kai ƙololuwa, dala biliyan 220 da ɗoriya ne, bai kai kashi 0.4 ba. Birtaniya ta mai da 0.7 doka a 2015, ta sauko 0.5 a 2021, a 2025 ta ce za ta koma 0.3 don ta ƙara kuɗin tsaro. A 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na agajin nata a cikin gida ta kashe shi, kan masu neman mafaka. Amurka kuwa ta rufe hukumar agajinta, USAID, gaba ɗaya a 2025, ta kuma ƙaurace wa taron samar da kuɗin ci gaba da aka yi a Sifen a shekarar. Alhali kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa gida ya haura dala biliyan 600 a shekara, kusan ninki uku na agajin duka, ba taro ba sanarwa.

Dokta Rabi: Kuma ana yanke musu kusan kashi 6 cikin ɗari a matsayin ladan aikawa, zuwa Afirka ma ya fi haka, alhali muradun 2030 sun ce a sauko da shi ƙasa da kashi 3. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar kowa ya yi kyauta. Haka batun haraji: kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta ɓarauniyar hanya, mafi yawa ta hannun manyan kamfanoni masu karkatar da riba, ba 'yan siyasa kaɗai ba. Haka bashi: hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da biliyan 3 na zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan da suke biya ya fi abin da suke kashewa a ilimi ko lafiya. Zambiya ta shiga tsarin sassauta bashi na G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziƙi, sai da ta shafe fiye da shekara uku ana ja-in-ja tsakanin Sin da masu lamuni na Yamma, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara yafewa. Ko a 2021 da IMF ta raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650 saboda korona, bisa girman hannun jari aka raba, Afirka gaba ɗaya ta tashi da kusan biliyan 33.

Nura: To tunda haka ne, gara ma da suka yanke agajin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wataƙila yanzu gwamnatoci su farka.

Hajiya Hauwa: Nura, wanda ke shan maganin ƙanjamau in ya tsaya wata biyu ƙwayar cutar ta dawo. Ba zai jira gwamnati ta farka ba. In za a yaye mutum, ai sanarwa ake yi, a ba shi shekaru yana shiri, ba a wayi gari a kulle ɗakin magani ba.

Injiniya Kabiru: Hajiya ta yi gaskiya a kan yadda aka yanke. Amma shugabannin Afirka sun yi alkawari tun 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Su ma a tambaye su nasu 0.7 ɗin.

Baba Ilu: A tambaye su mana. Sai dai wanda ke miƙa kaso mai tsoka na harajin da ya tara ga masu binsa bashi, da me zai cika?

Malam Habu: Dokta, na janye rabin maganata, ta hoto da dami. Rabi ɗaya ina nan a kai: har yanzu ba wanda ya nuna mini abin da muradu 17 ɗin nan suka sauya wanda da ba su ba zai faru ba. Kuma wani abu da ba mu taɓo ba, yawancin waɗanda suka rage a ƙasan layin yanzu suna ƙasashen da ake yaƙi ko rashin kwanciyar hankali ne, irin su Sudan da Kwango da Yaman. Can wace kasuwa za a buɗe wa mutum?

Dokta Rabi: Wannan tambayar ta fi ta farko wuya, kuma ba zan amsa ta a tsaye ba. Ina da aji yanzu. Injiniya, kafin in dawo ka duba mini yawan marasa aikin yi a Botsuwana da irin giɓin da ke tsakanin masu shi da marasa shi a can, don ban gama da kai a kan wannan misalin ba.

Injiniya Kabiru: Ina jiran ki Dokta. Allah ya ba da sa'ar aji.